Makonnin da Inna Ta Ci Ita Kaɗai

A unguwarmu ta Gadarif da abu biyu aka san ni: koyarwa a makarantar 'yan mata, da baki. Koyarwar yaƙi ya tsayar da ita, don makarantar ta cika da mutanen da suka gudo daga Khartum da Jazira, kowane aji ya zama ɗakin kwanan iyalai. Bakin kuwa babu abin da ya taɓa tsayar da shi. Shi ya sa da ciwon Inna ya kai inda ake bukatar mai tsaron ƙofa, ba a tsaya wata shawara ba, kowa a gidan ya waiwayo ya dube ni.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari. Ciwon daji aka gano mata a mama, bayan ta yi watanni tana shafa mai tana cewa ƙurji ne. A da birnin Madani mutanenmu suke zuwa neman irin wannan magani, amma a lokacin hanyar ta rufe, likitocin can ma da yawansu sun dawo wurinmu da 'yan jakunkunansu. Aka yi mata aiki, sannan aka ɗora ta a kan maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, wanda kowa a layin asibiti yake kira kimawi. Duk mako uku ake sa shi sau ɗaya, kuma ba a sawa sai an ɗebi jini an duba. In jinin ya hau a sa, in bai hau ba a ce ku koma gida sai wani makon. Shi kuwa ciwon ba ya jiran kowa. A wannan lokacin duk hankalin gidanmu yana kan takardar jinin nan.

Likitarta yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ta biyu a shekaru ba, ita ma gudowa ta yi daga Madani. Da farko na raina ta, ban ɓoye ba. Amma ta iya bayani, ni kuwa malama ce, ina girmama wanda ya iya bayani. Ta ce mini maganin nan ba shi da ido, duk abin da yake saurin girma a jiki kai masa sara yake yi, ciwon da gashi da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu gadin jiki. Ta ce kamar gonar dawa ce da aka kori masu korar tsuntsu. A makon tsakiya bayan kowane magani masu gadin suna raguwa sosai, murar da za ta wuce mini cikin kwana biyu tana iya kwantar da Inna.

Na ji, na gyaɗa kai, na dawo gida ban yi komai ba. Ina zan fara? Mu a nan ba a ciwo a ɓoye. In an ji mutum ya kwanta, mata su ɗauko mayafi, a riƙo ƙullin sukari ko lemo, a shigo a rungume shi, a sumbaci goshinsa, a zauna masa a bakin gado har a sha gahawa zagaye uku. Inna kuwa ita ce uwar masu dubiya. Shekara arba'in babu wanda ya yi ciwon kai a unguwar nan bai ga ƙafarta ba. Da nata ya zo, garin ya taso. Wata Juma'a na ga takalma a ƙofar ɗakinta har sun tare hanyar madafa. A cikin masu takalman akwai wadda take tari tana goge hanci da bakin mayafi, ta kuma riƙe hannun Inna ta yi ta kuka a kai.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe Inna. Haƙoranta suna haɗuwa, ba ta gane mu sosai. Muka kwana biyar a asibiti, aka ɗaga maganin da ya kamata a sa mata. A kwanakin nan na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na kuma rantse a raina ba za a sake ba.

Ranar da za a sallame mu likita ta zaunar da ni. Ta ce a kula, musamman a makon tsakiya. Mai tari ko mura kada ya matso. Duk mai shiga ya wanke hannu. Abinci ya zama sabon dafawa, da zafinsa, kuma a zuba mata nata daban, kada hannaye su yi yawa a ciki. Abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara mata ko kalma ba. Abin da kunnena ya ji kuwa shi ne a rufe ƙofa.

Na rufe kuwa. Na ɗauko kujera 'yar tsugunne na ajiye a bakin ƙofar gida, na zauna da takunkumi a fuska kamar ma'aikaciyar kan iyaka. Duk wadda ta zo in karɓi gaisuwarta in ce zan isar. Wasu su yi addu'a su juya. Wasu su ce, “Yau kuma mu ne baƙi a gidan nan?” In ce musu ƙwayar cuta ba ta san zumunci ba. Wata tsohuwa ta ce mini boko ya cinye mini kunya, na ce mata gara ya ci kunyata da a ci uwata. Ban yi nadamar wannan maganar ba sai daga baya. Gidan ma na raba shi biyu. Ƙanena da ya gudo daga Khartum da matarsa da 'ya'yansu na tura su can ɓangaren rumfa, na bar wa Inna ɗakinta na ciyawa ita kaɗai, na ce ko kaza kada ta gifta.

Wadda korarta ta fi yi mini nauyi ita ce aminiyar Inna ta garin Mafaza. Tare suka tashi a bakin kogin Rahad, tare suka yi tallan gyaɗa, tare suka je Makka a jirgin ruwa. Hajjar Mafaza muke ce mata. Gajeriya ce, mai murya kamar ta mai shela, ba ta da haƙoran gaba, ba ta kuma damu ba. Ta sha hanya a bayan mota tun safe ta iso da galan ɗin zuma, na tare ta a ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ni na yanke miki cibiya, ya bitti, 'yata.” Na ce na sani, Hajja, amma likita ta hana. Ta ajiye zumar a ƙafata, ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki ta ce, “Salamtik, sannu da jiki, 'yar uwa! Kaffara ce in sha Allah!” Daga ciki na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana amsawa. Hajja ta juya ta tafi, ko ruwan gidanmu ba ta sha ba.

A tsakanin nan aka sauya wa Inna magani zuwa kashi na biyu, kamar yadda aka tsara tun farko. Wannan bai sa ta amai kamar na farkon ba, na yi murna. Ni nake dafa mata abinci da hannuna, tuwon dawa mai laushi da miyar kuɓewa busasshiya, wani lokaci da ɗan naman kaza. In sauke shi yana tururi, in rufe, in kai mata ɗaki, in ajiye a kan ƙaramin teburi, in fito in ja ƙofa. Ba na tsayawa. Ina tsoron numfashina, sannan akwai wani abu kuma. Tsakanin uwa da 'yar fari a wurinmu akwai kunya. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “ke” take ce mini, in tana jin tsokana ta ce “Ustaza”. Ba mu saba zama mu biyu muna kallon juna ba. Fitowar da nake yi ta yi mini daidai, ina kuma tsammanin ita ma ta yi mata.

In na koma ɗaukar kwano sai in tarar an tattaɓa tuwon, an dagula gefensa, amma bai ragu ba. In ce, “Inna, ba ki ci ba.” Ta ce, “Bakina ɗaci.” Washegari in sauya miya. Ta ce ta ƙoshi. Na yi mata fate, na yi mata kisra, wainar nan ta dawa mai siriri kamar takarda da ita kanta ta fi kowa iya yaɗawa a unguwar, duk kanwar ja ce. Kunu kaɗai take sha, shi ma ban taɓa ganin lokacin da take sha ba. Na yanke hukunci a raina cewa fushi take yi da ni saboda ƙofa. Mace ce da tun da aka haife ta ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, kullum a tsakiyar faranti take, tana tura wa wannan nama, tana ce wa wancan ya ƙara. Sau ɗaya ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, “Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.” Na ce mata wanda ya yi karin maganar nan bai taɓa shan kimawi ba.

Akwai abubuwan da na gani da idona na ba su wata fassara. Ta daina dafa gahawarta ta hantsi, na ce ai babu abokan sha. Ta fasa finjali biyu a mako guda, na ce tsufa. Carbinta ya koma rataye a ƙusa. Wata rana ta fito daga banɗaki da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan yana can tsakar gida, tana tafiya abinta. Na yi dariya na ce, “Inna, ɗayan kuma sadaka kika bayar?” Ta tsaya ta sunkuya ta dubi ƙafafunta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in miƙo mata. Hannunta na dama kuwa kullum yana cikin mayafi, na ɗauka sanyi take ji.

Ranar duba jini ta zo. Na shirya da ƙarfin gwiwa, don mako shida cur ko tari ba a yi kusa da ita ba. Takarda ta fito, jini bai hau yadda ake so ba. Aka ɗora ta a ma'auni, ta ragu sosai. Likita ta ce ba za ta sa mata magani a haka ba, mu dawo bayan mako guda. Ta tambayi Inna ko akwai abin da yake damunta, Inna ta ce, “Alhamdu lillahi, ya diktora.” Ta tambaye ta hannu da ƙafa fa, babu wani jin baƙon abu? Inna ta ce lafiya lau. Ni kuma na karɓe zancen, na jera wa likita irin tsaron da nake yi da irin girkin da nake yi, ina jiran yabo. Muka kama hanyar gida cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku. Haushi nake ji, na rasa wanda zan ji haushinsa, sai na ji na Inna.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Hajjar Mafaza ta dawo. Wannan karon ba zuma ta riƙo ba. Sandar sabulun wanki ce a hannunta, da takunkumi a fuska wanda ta ɗaura a karkace, hancinta a waje. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa.

“Kawo buta,” ta ce. “Na tambayi jikar maƙwabciyata, mai aikin jinya. Ta ce sabulu da kamama, takunkumin nan, da nisan zira'i huɗu. Ba ni da tari, ba ni da zukam, wato mura. In kuma duk da haka ba za ki bar ni ba, wallahi a nan zan kwana, gari ya zo ya gani.”

Na san za ta aikata. Na kawo buta. Ta wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, sau uku, tana harara ta. Na gyara mata takunkumin, na shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ɗakin Inna daga waje, na ja layi da ƙafata a ƙasa na ce kada ta wuce nan. Ta ce, “Hadir, na ji na bi, ya hukuma.”

Da azahar na kawo wa Inna kwanonta. Hajja ta ce, “Ni fa? Kawo nawa nan. Kowa da kwanonsa, amma tare za mu ci.” Na kawo mata, na koma bayan zana na tsaya ina wanke tukunyar da ta riga ta wanku, don in ji ko za a ci namana.

Na ji Hajja ta yi bisimilla ta fara ci. Na ji ta ce, “Ci mana.” Inna ta ce ba ta jin yunwa. Sai Hajja ta ce, “Shekara sittin ina cin abinci da ke, ban taɓa ganin kin gaishe ni hannu a ɓoye ba. Fito da shi.” Inna ta ce babu komai. Hajja ta ce, “Fito da shi, ko in tsallake layin hukuma.” Can sai na ji Hajja ta kira ni, ba da muryar shelar nan ba, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Na zo na tsaya a ƙofa. Hannun Inna yana kan cinyarta a buɗe. A kan yatsu uku akwai ƙuna, wata ta yi ruwa, wata ta fashe ta bushe, wata sabuwa. Na ce, “Inna, me ya ƙona ki?” Hajja ta ce, “Yi loma ta gani.” Inna ta sa hannu a tuwon da yake tururi, ko gezau ba ta yi ba. Ta gutsuro, ta yi ƙoƙarin mulmula shi, yatsun suka matse da ƙarfi har ya fito ta tsakaninsu. Ta sake, wannan karon ta sassauta, lomar ta zame ta faɗi a kan zaninta tun kafin ta kai rabin hanya. Ta zauna tana kallon ta.

“Ba na jin su,” ta ce. Hajja take gaya wa, ba ni ba. “Kamar an naɗe su da tsumma. Ƙafafun ma haka, ƙasa ba ta gaya mini inda take.”

Tuwon da nake saukewa da zafinsa in ruga da shi don kada ya huce, shi ne yake ƙona ta, ba ta sani sai ta ga ƙunar. Kunun kuwa da tafukan hannu biyu take ɗaukar kwanon, shi ya sa take jira in fita. Mako shida ke nan tana zaune da yunwa a gaban abinci. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, ina jin kaina ina faɗa alhali kuka nake so in yi. Hajja ce ta amsa mini. Ta ce, “Tana tsammanin ciwon ne ya sauko hannu. Wa zai gaya wa 'yar fari irin wannan?” Sannan ta ƙara da abin da har yau yake mini zafi, ba kuma da mugunta ta faɗa ba: “Da a faranti ɗaya kuke ci, da tun ranar farko an gani.”

Ban jira mako ya cika ba. Washegari da safe muka koma asibiti mu uku, Hajja a gaba kamar ita ta san hanya. A ɗakin likita Inna ta fara “alhamdu lillahi” ɗinta, Hajja ta ce, “Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Nuna mata.” Likita ta riƙe hannun ta juya shi a hankali. Ta ajiye ƙwayar wake a kan teburi ta ce Inna ta ɗauka, Inna ta yi ta bin ta tana gudu. Ta ce ta tsaya ta haɗe ƙafa ta rufe ido, nan take ta fara tangaɗi, na tare ta.

Abu na farko da likita ta faɗa shi ne wannan bai yi kama da yaɗuwar ciwon ba, aikin maganin ne, kuma sananne ne. Na ga kafaɗun Inna sun sauka. Sannan ta yi mana bayani. Ta ce jijiyoyin da suka fi tsawo a jiki su ne masu zuwa yatsun hannu da na ƙafa, su maganin yake fara taɓawa. Ta ce ashe hannu ba umarni kawai yake karɓa daga kai ba, shi ma yana mayar da labari: na riƙe, ya yi zafi, sassauta, ƙara matsewa. Da wannan labarin mutum yake yin loma ko ya taka ƙasa ba tare da ya duba ba. In labarin ya yanke, sai ido ya karɓi aikin. Ta ce masu bincike suna ta neman abin da zai kare jijiyoyin, tana bin abin da suke rubutawa duk lokacin da wayarta ta samu hanya, amma har yanzu abin da ya fi tabbas shi ne a faɗa da wuri, a rage maganin ko a sauya shi.

Da Hajja ta fita da Inna, na tsaya. Na ce, “Diktora, da mun faɗa tun makonnin baya fa?” Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, wasu yana komawa, wasu ba ya komawa duka, amma da wuri ya fi. Sannan ta tambaye ni yadda aka yi ban gani ba. Na gaya mata gaskiya, kujerar da ƙofar da kwanon. Ba ta yi mini faɗa ba, na so ma ta yi. Cewa ta yi, “Ustaza, ni masu tari na ce a hana.” Garin neman gira na kusa rasa ido, na kuma san hakan tun kafin in kai bakin titi.

Aka rage maganin. Aka wanke ƙunar aka ɗaure. A gida na ɗauke kujerar daga ƙofa, na ajiye buta da sabulu a wurinta. Hajja ta ƙi komawa Mafaza, ta ce sai ta ga ƙarshen abin, ta kuma karɓi aikin gadi daga hannuna. Ashe ni wasa nake yi. Ita sai ta sa mace ta yi numfashi a gabanta ta saurara, in ta ji ko ɗan kaki ta ce, “Koma, ya hajja, Allah ya ba da lada daga nesa.” Ba wadda ta ji haushi, don dariya ake yi kafin a juya. A makon tsakiya mutum biyu kawai take bari, a sauran kwanaki tsakar gida ta cika, ana zaune nesa-nesa ana ihun hira.

Abinci kuwa a tabarma ɗaya muka koma ci a ƙarƙashin rumfa, Inna da kwanonta, mu da farantinmu. Sai an taɓa an ji ya huce ake ba ta. Kwanakin farko Hajja ce take ba ta a baki, suna yi suna gardama a kan wadda ta fi tsufa. Aka samo mata cokali aka naɗe mariƙinsa da ƙyalle ya yi kauri, ta ce ita ba Baturiya ba ce, amma ta karɓa. Da la'asar a zuba mata wake da tsakuwa a faifai ta yi ta tsincewa tana kallon yatsunta, kamar yadda likita ta ce, sannan ta zaga tsakar gida tana dafa bango. Daga kwanonta take ba da umarni, a tura wa wane nama, wance ba ta ci ba. A mako na gaba jini ya hau. Aka sa magani, aka sa na bayansa, har aka gama.

Ƙafafun sun dawo da kaɗan-kaɗan, ko da yake har yanzu ba ta son tafiya inda ba ta ganin ƙasa. Hannun hagu ya dawo. Na dama kuwa babban yatsa da manuni sun tsaya a inda suke. Tana yin loma, babba-babba, mara kyan gani. Kisra ce ba ta sake yaɗawa ba, don aikin na bakin yatsa ne, sai dai ta zauna kusa da murhu ta yi ta kushe tawa.

Ranar da Hajja ta koma Mafaza muka rage mu biyu a rumfa da hantsi, abin da ba mu saba ba. Ina yanke mata farce, don ba a barin ta ta riƙe reza. Hannun yana cikin nawa, ina kallon tabon ƙunar. Maganar da na daɗe ina ɗauke da ita ta fito da kanta. Na ce, “Inna, ni na jawo miki wannan. Ki yafe mini.”

Ta juya tana kallon kajin da suke tono a gindin zana. Sannan ta ce, “Ke kika rufe ƙofa, ni na rufe baki. Ɗauki rabi ki bar mini rabi.” Na ce nawa ya fi yawa. Ta ce, “Ustaza, ko a nan ma sai kin fi kowa?”

Na yi dariya, hawaye suka biyo ta. Sai ta zare hannun daga nawa, ta ɗaga shi a hankali tana bin sa da ido don kada ya kauce, ta ɗora yatsun nan biyu a kumatuna ta share. Ta dubi yatsun, ta ga sun jiƙe.

“Ba na ji,” ta ce, “amma ina gani. Ƙarasa mini farcen.”